"Netwok Ne" Ba Amsar Ɗan Poli Ba Ce

Akwai wata kalma da ta zama mana bargon rufin asiri a ƙasar nan, kuma ina ganin lokaci ya yi da mu ɗaliban poli za mu yaye wa kanmu ita. Kalmar ita ce "netwok ne". Mai POS ya kasa ciro maka kuɗi, netwok ne. Ka kira gida ba a jin ka, netwok ne. Da zarar an faɗe ta magana ta ƙare, sai a ce Allah ya kyauta, kowa ya kama gabansa. Idan mai shayi ko mai kayan miya ne ya faɗa, ban ga laifinsa ba, ai ba aikinsa ba ne. Amma a ce mutum ya shekara biyu ko huɗu yana ɗaukar lakca a sashen lantarki ko na kwamfuta, a kira shi gaban na'ura, ya dube ta sama da ƙasa, ya kashe ya kunna, sannan ya karkaɗe hannu ya ce netwok ne? To wannan bai ce komai ba. Da abin da ya faɗa da "ban sani ba" duk ɗaya ne, sai dai ma "ban sani ba" ta fi gaskiya.

Ni ɗan Gezawa ne. A wajenmu gona manne take da gona, babu saurar da za a bari ta huta, fili ɗaya ake nomawa shekara da shekaru da ƙarfin taki. Saboda haka manominmu ba ya wasa da alama. In ya ga geronsa ya tsumbure, ba zai tsaya daga kan kunya ya ce "ƙasa ce" ya koma gida ba. Tsugunawa zai yi ya tona gindin shukar, ya ce maka wuta-wuta ce, ko taki ne ya gaza, ko ruwa ne ya kwanta, ko tsutsa ce ta shiga kara. Kowacce da maganinta daban. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya san cewa sai an kira cuta da sunanta ake samo mata magani. Mu da ake koya wa injiniyanci, me ya sa za mu gaza shi?

Misalin da zan kafa hujja da shi shi ne wayar ofis, wadda muka fi sani da intakom. A asibiti, ko otal, ko banki, ko masana'anta, za ka ga waya a kan kowane tebur da 'yar gajeriyar lambarta, 101, 102, haka dai. Dukkansu suna rataye ne a jikin wata na'ura guda da masu aikin ke kira PBX, ni kuwa a nan zan kira ta uwar wayoyi. A da kowace waya da igiyarta ta tagulla har zuwa wurin uwar. Yanzu murya ta koma bin hanyar da data ke bi: a yayyanka ta ƙunshi-ƙunshi, a liƙa wa kowane ƙunshi adireshin IP, a tura. Shi ya sa kamfanin da ke da ofis a cikin Kano da sito a Gezawa ko Jogana zai iya ɗaure uwar wayoyin nan da ta can ta intanet, akawun sito ya danna lamba huɗu ko biyar ya sami manaja kamar a gini ɗaya suke. In abin ya yi aiki ke nan. Sau da yawa na'urorin biyu ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba, ba shekara ɗaya aka saye su ba, kuma ba mutum ɗaya ya saita su ba. A nan ake yin ta.

Yaren da akasarin na'urorin nan ke magana da shi yau sunansa SIP. Ƙa'idojinsa a rubuce suke a wata takarda mai lamba RFC 3261 da aka fitar a 2002, kuma kowa zai iya sauke ta kyauta. Duk wanda ya taɓa yin sallama a ƙofar gidan Bahaushe ya riga ya san rabin abin da ke cikinta. Kana tsaye a waje sai ka aiki yaro, ka ce je ka ce ana sallama da maigida. Wannan aiken shi ne saƙon da ake kira INVITE. Na'urar can takan fara mayar da 100, wato saƙo ya iso. Sai ta biyo da 180, wato "wai yana zuwa", kuma a daidai nan ne kake jin wayar tana ƙara. Idan an ɗaga sai ta aiko 200, maigida ya fito ke nan. Sauran abu ɗaya: dole mai kira ya mayar da wani ɗan gajeren saƙo mai suna ACK, ma'ana na ji ka amsa. Ku riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

To amma yaron aike ba shi ne hirar ba. Sallama tana bi ta ƙofa guda, galibi mai lamba 5060. Ita kuwa murya tana bin wasu ƙofofi daban da wata ƙa'ida mai suna RTP. Wanda ya gane wannan rabuwar ya rage wa kansa rabin wahala, domin daga nan tambayarsa ta farko a gaban kowane kira da ya lalace ita ce: sallamar ce ta mutu ko hirar? Idan wayar ba ta yi ƙara ba sam, a nemi matsala a wajen sallama. Idan ta yi ƙara an ɗaga amma shiru, ko ɗaya na ji ɗaya ba ya ji, sallama ta isa lafiya, murya ce ta ɓata a hanya.

Abin daɗin shi ne, idan sallama ta ƙi, na'urar ba ta ɓoye dalili. Lamba take mayarwa. 404 na nufin babu mai wannan suna a gidan nan. 486, yana nan amma yana kan wani kiran. 403, an ji ka sarai, ba a dai yarda ka shigo ba. 408, yaro ya shiga bai fito ba har aka gaji da jira. 488, an so a gana amma ba ku jin yaren juna. 503, gidan ba ya halin karɓar baƙo yanzu. Mai riƙe da waya ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu, shi dai "tut-tut-tut" yake ji, duk iri ɗaya a kunnensa. Ganin lambar aikinmu ne mu.

Na ga wannan da idona a watanni huɗun da na yi ina SIWES bayan ND I, a hannun wani dattijo, tsohon ma'aikacin NITEL, da yanzu yake aikin kansa. An kira shi wani kamfanin sayen amfanin gona da ke da ofis a Kano da sito a wajenmu. Kaka ce, riɗi da wake suna ta shigowa. A tsarinsu akawun sito ba ya biyan kowa sai ya ji farashin ranar daga bakin manaja. Wayar kuwa ta yi mako uku tana gardama. Ma'aikata sun koma kira da wayoyinsu da katinsu, a cikin sito mai rufin kwano inda sai ka fita waje kake samun sabis. Manoma suna zaune a gindin sikeli da buhunansu tun hantsi, wasu da amalanke, wasu sun yi hayar kurkura mai ita yana ta duba agogo. An riga an kawo mutum biyu kafin mu. Na farko ya ce netwok ne. Na biyu ya ba da shawarar a sayi sabuwar na'ura irin ta ofishin Kano, har an fara maganar kuɗi.

Baba bai taɓa ko kebul ɗaya ba sai da ya zaunar da akawu.

"Malam, daga ina zuwa ina yake ƙi? Daga nan zuwa Kano, ko daga Kano zuwa nan?"

"Wallahi Baba duka ne."

"A'a, duka iri ɗaya? In kai ka kira me kake ji, in su suka kira me ke faruwa?"

Sai ga shi ashe cuta biyu ce aka haɗa aka ba suna ɗaya. In Gezawa ta kira Kano, nan take kiran ke faɗuwa, ko ƙara ba ya yi. In Kano ta kira Gezawa, yana shiga, a gaisa, a fara magana, sai ya katse. Baba ya ce yaushe aka fara? Aka ce tun da aka sauya na'urar ofishin Kano. Ya sa na kunna Wireshark a kwamfutarsa, manhajar da ke kama duk ƙunshin da ya gitta ta nuna maka abin da ke cikinsa, ya ce akawu ya kira.

"Ɗana, karanto min abin da ya dawo."

"404 ce, Baba."

"Wace lamba muka nema?"

Akawu ya saba danna 8 kafin lambar Kano, don na'urar sito ta san kiran na waje ne. Lambar manaja 1005 ce. Abin da ke isa Kano kuwa 81005 ne. Tsohuwar na'urar Kano an saita ta tana yar da takwas ɗin da kanta. Sabuwar ba wanda ya gaya mata, don haka ta duba ta ce babu mai wannan suna a nan, kuma gaskiyarta. Gyaran layi ɗaya ne a cikin dokar fitar da kira: a cire lambar farko kafin a tura.

Na biyun ya fi daɗin labari. Baba ya sa aka kira daga Kano sau uku yana riƙe da agogo, duk ukun suka katse a daƙiƙa 32. Ya yi dariya ya ce ita kanta lambar ta gama faɗin komai. Kun tuna ACK? Idan na'ura ta amsa da 200 ba ta ji an ce mata "na ji" ba, takan yi ta maimaitawa. Ƙa'idar SIP ta ba ta rabin daƙiƙa sau 64 ta jira, wato daƙiƙa 32 cif, in shiru sai ta ɗauka ba kowa ta kashe kiran. Me ya hana ACK ɗin zuwa? Na'urar sito tana bayan rauta ne, kuma adireshinta na cikin gida ne, irin mai farawa da 192.168, wanda ba shi da wata ma'ana a wajen wannan ginin. A cikin amsarta sai ta rubuta cewa a same ni a wannan adireshi. Kamar ka aika wasiƙa Zariya ka rubuta adireshin amsa "ɗaki na biyu a hannun dama". Sabuwar na'urar Kano ta bi umarnin yadda aka rubuta shi, ta aika ACK inda ba zai taɓa isa ba. Da yake intanet ɗin sito na layin waya ne, adireshinsa na waje ba ya zama ɗaya, Baba ya ɗaure rautocin biyu da keɓaɓɓiyar hanya ta VPN, ya sauya jerin adireshin sito don kada ya yi karo da na Kano. Kafin la'asar an gama. Ba a sayi ko fulogi ba. Abu na ƙarshe da ya yi shi ne rubuta duk saitin a takarda biyu, ɗaya ya manna a cikin akwatin na'ura, ɗaya ya ba manaja, domin asalin rikicin ai shi ne wanda ya saita tsohuwar bai bar rubutu ba.

Sauran cututtukan ma haka suke, kowacce da alamarta. Jin murya ta ɓangare ɗaya yawanci ɗan'uwan wancan ne, adireshin ciki ya fita waje, ko katangar tsaro ta bar ƙofar 5060 a buɗe ta toshe ƙofofin murya. Wasu rautocin suna da wani saiti mai suna SIP ALG da aka yi don ya taimaka, amma sau da yawa shi ke dagula saƙon, sai an kashe shi ake samun lafiya. Ita kuwa 488 maganar salon naɗe murya ce. Salon G.711 yana cin kilobit 64 a daƙiƙa, G.729 yana cin 8 kacal, kuma in wannan na'ura ɗaya ta sani waccan ɗayan, ba za a gana ba. Shi kansa G.711 kala biyu ne, A-law da muke bi tare da Turai, da u-law na Amurka da Japan, abin da ya kamata mai sayo wayoyin gwanjo ya sani. Idan kuma murya tana yankewa kamar tsohon kaset, to a nan ne kaɗai "netwok" ke da ɗan alhaki, amma ko shi aunawa ake yi. Kira ɗaya na G.711 kan tura ƙunshi 50 a daƙiƙa, in an haɗa da rubutun bayan kowane ƙunshi ya kai kusan kilobit 87 ta kowane ɓangare. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa. Ka auna, ka faɗi nawa ka samu, ka gano ko wani ne a ofis yake sauke fim a kan layin. Sannan kar a manta da wuta: in an ɗauke ta, uwar wayoyi na kan batir amma rauta ba ta kai, ai magana ta ƙare tun kafin a fara. Kashewa da kunnawa kuwa, wanda muka mayar maganin kowace cuta, a wasu na'urorin shafe bayanan abin da ya faru yake yi, wato ka kori shaida kafin a zauna shari'a.

Na san abin da wasunku za su ce. Wa ke ta wayar tebur a zamanin da kowa ke da WhatsApp a aljihu? Tambaya ce mai kyau, kuma na fahimci inda ta fito. Mu tsararrakin da muka tsallake wayar igiya ne. Kafin Econet da MTN su fara aiki a watan Agustan 2001, layukan waya a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Tsirarun gidaje ne a Kano ke da lamba mai farawa da 064, a ƙauyukanmu kuwa ba a ma maganar. Mun buɗe ido ne muka ga salula, shi ya sa wayar ofis take mana kama da kayan tarihi. Amma ku shiga babban asibiti, ko otal, ko cibiyar amsa kiran kwastomomi, ko masana'antun da ke jere a titin Haɗeja, ku ga abin da ke kan tebur. Dalili mai sauƙi ne: lambar ofis ta kujera ce, ta salula ta mutum ce. In an yi wa nas canjin aiki, ko an sace wayar akawu a kasuwa, lambar ɗakin haihuwa da ta sito suna nan inda suke. Ƙari a kan haka, shi kansa kiran da ake yi kai tsaye ta 4G, wanda ake kira VoLTE, da SIP ake ƙulla shi. Wanda ya iya karanta sallamar na'urori biyu a sito ya fara koyon yaren da manyan kamfanonin waya ke aiki da shi. Su Baba kuma tsufa suke yi. In ba mu karɓa ba, nan gaba daga Legas za a riƙa ɗauko mai cire lambar takwas, a biya masa jirgi da otal.

Kullum muna kukan bambancin da ake nuna wa mai HND da mai digiri, kuma kukan yana kan hanya, ni ma ina cikin masu yin sa. Sai dai abin da muke tinƙaho da shi a wannan muhawara shi ne mu 'yan aikin hannu ne. To ina hannun? Da yawanmu za mu iya zano matakai bakwai na OSI a takardar jarrabawa ba tare da kuskure ba, mu ci maki, amma ba mu taɓa ganin ƙunshin data ɗaya a buɗe ba. Ban ɗora wa malamai laifin duka ba, aji ya cika, lokaci ya yi kaɗan. Mu ma muna da namu kason, don wanda zai iya kwana yana kallon ƙwallon Ingila a waya zai iya ba Wireshark awa biyu.

Wasu kuma za su ce babu kayan aiki, sai an jira TETFund. A wannan fannin dai wannan uzurin bai karɓu ba. Manhajar Asterisk, wadda Mark Spencer ya fara a 1999, kyauta ce, kuma tana mayar da tsohuwar kwamfutar tebur cikakkiyar uwar wayoyi. FreeSWITCH ma kyauta ce, kuma da yake ba gida ɗaya suka fito ba, haɗa su zai haifar mana da irin saɓanin da ake samu a wurin aiki, wanda shi muke nema. Linphone ko Zoiper za su mayar da wayar kowannenmu wayar ofis ta Wi-Fi. Wireshark, da Gerald Combs ya fara a 1998 da sunan Ethereal, tana da sashe na musamman da ke zana maka kira tun daga INVITE har zuwa katsewa, kibiya bayan kibiya. Bayan an sauke su ba a buƙatar ko data. Rashin sani ne kawai ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Don haka ga roƙona ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai. A nema mana ɗaki ɗaya mai soket da makulli, da tsofaffin kwamfutoci biyu daga cikin waɗanda ke jibge suna shan ƙura, da rauta biyu. A sa wa ɗaya suna Kano, ɗayar Gezawa. Duk Asabar a raba mu gida biyu, ɗaya ya shiga ya ɓata wani abu a ɓoye, ya ƙara lamba a gaban kira, ko ya sauya salon murya, ko ya toshe ƙofa, ɗayan ya shigo ya gano. Doka ɗaya ce: ba a karɓar "na gyara" sai da rubutu mai nuna daga ina zuwa ina kiran ya ƙi, wace lamba ta dawo, mene ne sanadi, me aka taɓa. 'Yan'uwanmu mata na sashen kwamfuta da lantarki su shigo tun ranar farko, kada a mayar da su masu riƙe biro. Komai ya tsaya a cikin ɗakin, kada wani mai ƙiriniya ya ce zai haɗa shi da layukan waje, wannan hurumin masu lasisin NCC ne. A kuma koya mana tun daga nan cewa ba a barin ƙofar 5060 a buɗe ga duniya da kalmar sirri 1234, don akwai ɓarayin da aikinsu ke nan dare da rana, neman irin wannan na'ura su yi ta kiran ƙasashen waje a bar mai ita da bashi.

In abin ya kankama, furojet na gaba a bayyane yake: a haɗa ofishin ƙungiya da asibitin makaranta da ɗakin masu gadi da hostel, ta yadda in wata ta faɗi rashin lafiya da tsakar dare lamba uku za a danna, ko da kati ko babu. Zan gabatar da wannan buƙata a rubuce a zaman majalisar ɗalibai mai zuwa. Wanda ke da tsohuwar rauta a gida da ba a amfani da ita, ya taho mana da ita bayan hutu, har da cajarta.